Hotunan Inna a Salulata

A fadarmu ta shan shayi, bayan kasuwar Wadata, in dai maganar salula ce, to kowa ya matsa ya ba ni wuri. Lokacin ina jami'a, yatsana ya fi bakina sauri, kuma bakin ma ba baya ba ne. Kafin shayin farko ya tafasa na amsa wa rabin Yamai mesaji, na gyara wa wani rezon intanet, na zagi wani a grup. Ina jin daɗin kaina sosai, wallahi.

Shekarar nan ce mutane suka fara rage murya. Sai ka ji an ce an ɗauke wane don ya tura wata vokal, saƙon murya. Ba ka san shi ba, wanda ya ba ka labarin ma bai san shi ba, amma kowa sai ya taɓa aljihunsa. Ni kuwa nan kasuwata ta buɗe. Nakan ɗaga salula sama in ce, mon gar, wannan shifre take. Daga bakinka har kunnen wanda ka aika wa, a kulle maganar take tafiya. Ko gwamnati ta tara injiniyoyinta duka a ɗaki guda, shirme kawai za su gani. Gaskiya kuma nake faɗa. Har yau ba wanda ya fasa kullen nan.

Ashe Inna na jin mu. Tana saida dambu da kopto, haɗin ganyen zogale, a ƙofar gida, fadar kuma ba nisa.

Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta zama kusa da ni, ba ta ci in ina kallo. Wanda bai tashi a gidan Hausawa ba zai ce ba ta so na. Mu mun san kunya ce. Wata rana da la'asar ina wanke takalmi a tsakar gida, ta tsaya bayana, tana duban bango.

"Kai wannan."

"Na'am, Inna."

"Abin nan da kake cika wa abokanka baki da shi. Da gaske ba mai gani?"

"Wallahi Inna, ko shugaban ƙasa."

"Kai fa?"

"Ni ma in ban buɗe ba, ba na gani."

"To kar ka buɗe."

Tana da ƙanwa a Maradi, ma'aikaciyar jinya, muna ce mata Tanti. Tanti ce ta ce a riƙa aika mata hoton wani ciwo, ta ga yadda yake tafiya, kuma kar a goge na baya don ta riƙa gwadawa. Salular Inna ƴar ƙarama ce mai tocila, ba ta hoto. Wane ciwo ne? Na mata ne, iyakar abin da aka gaya mani ke nan. Baba direban babbar mota ne, yana hanya kullum, ban jin ma ya sani.

Na buɗe musu hira tasu su biyu a salulata, na sa wa hirar kodi na daban, har alamar ɗan kwaɗon kulle ta fito a gefe. Na koya wa Inna: ki danna nan, ki danna farin da'irar nan, sannan koriyar kibiya. Nakan sa kodi in miƙa mata ina kallon sama, ta shige ɗaki ta saki labule. In ta fito sai ta aje salular a kife bisa turmi, ta wuce. Ni kuma in rufe ba tare da na juyo ta ba. Har alfahari nake a raina: duk unguwar nan ni kaɗai uwata ta ba amana saboda na iya salula.

Muna cikin haka muka je suna a wani ƙauye bayan gari, ni da wani abokina na fada, ɗan Zongo, wanda bakinsa ba ya da birki. Da rana tsaka muna dawowa a ƴar bas cike da mutane, sai ga shinge kafin shiga gari. Masu kaki suka ce matasa su sauko, katin shaida a hannu, salula a buɗe.

Ba zan yi ƙarya ba, na san dalilinsu. A hanyar nan an kashe mutane. Kowa ya san akwai masu ba ƴan bindiga labari ta salula, wace mota ta fito, wa ke ciki. Akwai ɗan ajinmu da aka kawo gawar yayansa daga daji. Da a fada ne aka tambaye ni, zan ce a bincika mana, amma ban da tawa.

Wanda ya zo kaina ba tsoho ba ne, zai yi sa'ar babban ɗan kawuna. Leɓensa ya bushe, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Hausarsa ta kasuwa ce, da jin ta ka san Zabarmanci ya sha a nono. Na sa yatsa, salula ta buɗe. Ya wuce grup ɗin ƙwallo, ya wuce na aji, ya ɗan yi murmushi a wani hoto nawa da na sa tabarau. Sai yatsansa ya tsaya.

"Wannan mai kwaɗo fa?"

"Shef, na gida ne."

"Kowa na gida ne. Buɗe."

"Shef, don Allah. Ba nawa ba ne, na tsohuwata ne."

Abokina na gefe, an riga an gama da shi. Shi a ganinsa taimako zai yi.

"Shef, rabu da shi, budurwarsa ce! Tsohuwa wai! Kullum sai ya kife salula kamar mai ɓoye nama."

Mutanen cikin mota suka kwashe da dariya ta taga. Wani dattijo ya ce yaran yanzu sai addu'a.

Shef bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka ga, ni ma ba son raina ne in tsaya cikin ranar nan ina kallon hotunan mutane ba. Wanda muka kama da irin wannan kwaɗon, shi ma uwarsa ya ce. Ko ka buɗe nan, ko mota ta tafi ta bar ka, ka buɗe can gaban manya."

Na duba ko akwai mace cikinsu. Babu. Na yi lissafi a tsaye: nan mutum guda ne. Can kuwa ofis ne, hannu da yawa, wataƙila a juye komai a na'ura. In kuma na ƙi na kwana can, Inna za ta zo nema na, a tambaye ta mene ne a ciki, gaban maza. Kullen da nake taƙama da shi yana nan daram, ba abin da ya same shi. Ni ne dai mabuɗin, kuma ga ni a hannu.

Na sa kodi.

Ya riƙe salular tsakaninmu, yadda suke yi don kar ka ce an ƙara maka wani abu. Ban samu damar kallon sama ba.

Ta yanke fuskarta daga hoton. Amma na san hannun, da tabon ƙunar tukunya a bayan babban yatsa. Hannun ya janye zane daga ƙirji. Nonon hagu ya kumbura, fatar ta yi baƙi ta tattare, ga wani rami yana ruwa. A sama akwai wani hoton na kwanakin baya, ramin bai kai haka ba.

Shef ya kife salular a ƙirjinsa da sauri, kamar ta ƙone shi. Muka tsaya, shi yana kallon kwalta, ni ina kallon takalminsa.

"Wadda ta haife ka?" Muryarsa ta yi ƙasa.

Na ɗaga kai.

"Kala suru," ya ce, haƙurin Zabarmawa. Ya miƙo mani ita a kife. "Ka kai ta likita. Wannan ba na salula ba ne."

Muka koma ciki, ya bugi gefen mota, direba ya ja.

Har muka shiga gari abokina yana zungurata da gwiwar hannu. "Mon gar, wace irin yarinya ce haka, shef ma ya rikice? Nuna mani mana, ni da kai ne fa." Mutane na ta murmushi. In na ce uwata ce, na ƙara tona ta. In na yi shiru, ana yi wa jikinta dariyar budurwa. Na juya fuskata wajen taga. A Wadata na sauka ban yi masa sallama ba.

Inna na ƙofar gida tana zuba wa wata yarinya dambu. Sai a ranar na lura da hannun dama kaɗai take aiki, na hagun a manne da jiki. Tun yaushe? Ni da ke gane an canza wa aplikasiyon salula kala cikin ƙiftawar ido.

Ban iya tunkarar ta ba. Na zagaya bayan gida na kira Tanti, na gaya mata duka, ina in'ina kamar ɗan firamare. Ta yi salati. Ta ce ta gaji da roƙon yayarta ta je asibiti, kullum amsar guda ce, ba za ta buɗe ƙirjinta gaban wani namiji ba. Hoton ma da ƙyar ta yarda, don an ce mata ba mai gani.

"Bari in kira ta," in ji Tanti.

"Tanti, kar ki ce na gani."

"Ɗana, ƙarya ba za ta kai ta likita ba."

Ina jin ƴar salular Inna ta yi ƙara a ƙofar gida. Ta shiga ɗaki da ita. Na zauna bakin rijiya, ban taɓa jin gidanmu shiru haka ba. Da ta fito tana sanye da babban hijabinta na zuwa gaisuwar mutuwa. Ta tsaya nesa, ta ba ni gefe.

"Kai wannan. Mutum nawa?"

"Guda, Inna."

"Da kai."

"Da ni."

Ta daɗe tana gyara bakin hijabin da ba abin da ya same shi.

"Tare mana taksi."

Ta shiga gaba, na shiga baya tsakanin wasu mata biyu da kwandon tumatir. Har muka isa ba ta waiwayo ba. A ƙofar ɗakin likita ta miƙo mani jakarta ta baya, ba tare da ta juyo ba, ta shiga.

An yi mata aiki. Tana shan magani, tana komawa, Baba ya rage tafiya. Wasu ranakun har dambu take yi. Amma tun daga ranar, ko a zafin da kowa ke kwana a tsakar gida, in ta ji motsin takalmina a zaure sai ta jawo hijabi ta rufa har gwiwa. Ni kuma na koyi yin gyaran murya tun daga waje, in tsaya, in ba ta lokaci.