Tsintsiyoyin Malam Rabe

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Malam Rabe makwancinsa a nan Dakoro, Allah Ya jiƙan shi. Duk shekara idan kaka ta yi nakan tuna shi da dariya, don ba a zama kusa da Rabe fuska a murtuke. Bana dariyar ta ƙi zuwa. Tsoro nake ji, kuma gara in faɗa tun da sauran lokaci.

Abokina ne tun muna ƴan lakwal, wato makarantar boko. Shi ya zama malami, ni na zama tela, amma ƙwallo ta hana mu rabuwa. A zamanin nan ekip biyu gare mu a gari: ta ƴaƴan manoma, wadda nake tsare wa gida, da ta ƴaƴan makiyaya da ke zaune wajen kasuwar dabbobi. Da wuya a tashi wasa ba a fasa kan wani ba. Rigimar gona da shanu da iyayenmu suka kasa kashewa, mu muke ƙarasa ta a fili.

Ana haka sai ga wani ɗan Japon ya zo tare da masu haƙa rijiyoyin burtsatse. Ɗan siriri ne, ga son ƙwallo kamar me. Wata rana ya ga an ɗauke ni jina-jina, sai ya ja Rabe gefe, ya ba shi labarin garinsu da Faransancinsa mai ɗingishi. Ƙaramin gari ne a bakin teku, in ji shi, masunta da manoman shinkafa, su ma ekip biyu da ba sa ga maciji. Da aka gaji aka haɗe su wuri guda, aka kafa doka: in an busa tashi, an ci ko an sha kashi, babu mai tafiya gida sai an share fili tas, ƴan wasa da ƴan kallo baki ɗaya. Ya ce har lokacin a filin turɓaya suke wasa, bayan garinsu ba wanda ya san da su, amma faɗa ya mutu.

Rabe bai yi shawara da kowa ba. Ranar wasa ta gaba sai ga shi da damin tsintsiyoyi a kan amalanken jaki. Wayyo, ranar ya sha dariya! Wani ƙaton makiyayi da muke kira Jaɓɓi, wanda shi ne ya fasa mini kai, ya ce, "Malam, kai ma dai! Namiji da gemunsa ya duƙa shara mata na kallo? Allah Ya sawwaƙe." Rabe ya tuɓe riga, ya duƙa, ya soma share kashin shanu da ƙarangiya shi kaɗai. Kunya ta sa ɗalibansa suka bi shi, mu ma muka bi. Jaɓɓi ne ƙarshen ɗauka, yana shara yana zagin tsintsiyar.

Sai da na manyanta na gane dabarar. Faɗan fili yana tashi ne daidai lokacin da aka busa tashi, jini na tafasa. To mutumin da ya duƙa, hannunsa riƙe da tsintsiya, ƙura na shiga masa hanci, bai da hannun jifa. Kafin a kai wancan bakin raga zuciya ta huce, har an soma yi wa juna ba'a. A kan sharar nan ekip biyu suka zama ɗaya. Muka buga da Kornaka, muka buga da Birnin Lalle, har muka je Maradi muka ɗauko kofi, Jaɓɓi na gaba ina baya. A ko'ina sai mun share filin mutane kafin mu shiga mota, suna ce mana mahaukata.

Kwanan baya ɗana ya nemo mini ekip ɗin garin ɗan Japon a wayarsa. Ashe sun hau, sun hau, har suna karawa da manyan ƙasarsu, a wani fili mai ciyawa kamar an shimfiɗa darduma. Na ƙura ido har ƙarshen wasan. Wallahi sai ga tsofaffi da yara sun bi layi-layi suna tsince shara. Na miƙa masa wayarsa, hawaye sun zo mini.

Mu ma mun hau, ba ƙarya. Bayan rasuwar Rabe wani mai hali ya ɗauki nauyin ekip, ya zagaye fili da katanga, ya sa ƙofar ƙarfe, ya ɗinka riguna masu sheƙi. Ya ce ɗan wasan da aka san sunansa har Yamai bai kamata a gan shi yana shara ba, ya ɗauki leburori. Niyyarsa alheri ce. Amma da Rabe zai leƙo yau, ina jin ba kofunan zai duba ba. Tambaya zai yi, wa ya raba masa ƴan kallo, manoma gabas, makiyaya yamma? Wa ya sa ƙofa guda ɗaya tak, ƴar matsattsiya, ga jama'ar da za ta fito da fushi a lokaci ɗaya?

Bana shanu sun shiga wata gona a kan burtali tun ba a kwashe gero ba, aka ji wa mutum ciwo. Maganar ta biyo yara har fili. Ƴaƴan makiyaya suka fice suka kafa tasu ekip, kuma ƙuri'a ta haɗa su da tamu a wasan ƙarshe na kofin gari, mako mai zuwa. A shagona ina jin abin da samari ke faɗa in sun ɗauka ƙarar keken ɗinki ta toshe mini kunne. Babu mai maganar wa zai ci.

Jaɓɓi ya zo wurina, ya tsufa, ido ɗaya ya tafi. Jikansa na wancan ɓangare, ɗan ƙanena na wannan. Ya zauna ya ce, "Tela, har yanzu bayanka na iya duƙawa?" Na ce in an taimaka mini in miƙe. Muka yi alkawarin in an busa tashi mu biyu za mu shiga tsakiyar fili. Ko kunya za ta yi wa yaran yanzu abin da ta yi mana, Allah kaɗai Ya sani.

Rabe bai bar gadon gida ba, bai bar gona ba, ko sunansa ba a rubuta a katangar nan ba. Abin da ya bari shi ne tsofaffi kamar mu da suka taɓa duƙawa kafaɗa da kafaɗa da wanda suka so su kashe. Duk wanda ya yi shara a bayansa, in yana karanta wannan, ya zo da tsintsiyarsa.

Ranar kasuwa na je sayen namu. Mai tsintsiya ta ce ni ne na fara yi mata ciniki tun safe. Kusa da ita akwai wani dattijo da ya saba baza sandunan gora, sai na ga wurinsa wayam. Na tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya lau, samari ne suka kwashe masa kaya kaf tun da hantsi, ya tafi gida.