Ni Na Sa Aka Rufe Fuskar Mijina

A lokacin ina matar aure da tsohon ciki, a wani ƙauye kusa da Allakaye, kuma babu abin da nake tsoro a duniya kamar bakin mutane. Mijina ɗan ci-rani ne. Ya dawo daga Abijan da sida, wato cutar ƙanjamau, jiki ya riga ya ƙare, magani bai kama shi ba. Ni ma da aka auna ni a asibitin Buza aka same ni da ita, aka ɗora ni kan magani don a tsirar da abin da ke cikina.

Wata rana ungozomar asibitin ta kawo mana baƙi da kamara. Suka ce fim suke yi don duniya ta ga yadda cutar ke cin mutane. Mijina ya yarda nan take. Ya sa aka yi masa aski, ya ɗora hularsa ta Sallah, ya ce a ɗauke shi yadda yake, ai ba sata ya yi ba. Ni kuwa na tubure. Na rantse sai dai su rufe fuskarsa su sauya muryarsa, in ba haka ba su kwashe kayansu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a yi yadda nake so.

Ya rasu kafin in haihu. Danginsa, saboda tsoro, suka tara kayansa a bayan gari suka cinna wuta, har da katinsa na ɗan ƙasa, hotonsa ɗaya tilo. Ashe abin da nake ɓoyewa duk gari an sani. Ina zaune ina kallon hayaƙin, ban ji komai ba.

Ɗiyata ta zo lafiya lau, yanzu har ta shiga lakwal, makarantar boko. Bara ta fara tambayata kamannin babanta. Ungozomar ta tura mini fim ɗin a salula, muka zauna gindin rumbu muka kalla. Ga hular, ga hannuwansa, amma fuskar kamar an shafe ta da toka, muryar kuma ta wani ƙato ce can. Yarinyar ta ce to in kwatanta mata shi da baki. Na buɗe baki, sai na tarar ni ma fuskar ta ɓace mini. Masu fim ɗin kuwa ba wanda ya san inda suke.

Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba. Ina shan maganina, ina daka, ina kwanciya. Ƴan uwana mata, ban ce dole kowa ya nuna kansa ba. Amma in mara lafiya ya ce a bari a gan shi, ku bar shi, fuskarsa ce, kada kunyarku ta yanke masa hukunci. Ɗiyata har yanzu takan karɓi wayar, ta tsayar da hoton, ta yi ta goge gilashin da bakin zanenta.