Ƙusar da Badamasi Ya Tarar a Injin Hajiya Inno

Malam Badamasi haifaffen Karofi ne, ɗan manomin wake, amma a Dutsin-Ma ya yi rayuwarsa. Yana da shekara ashirin ya bar gona ya bi masu noman rani a bakin madatsar ruwan Zobe, yana kwance masu injin ban-ruwa yana ɗaurawa har hannunsa ya faɗa. Daga baya ya koma gyaran injin niƙa da na markaɗe, ya kafa rumfar kwano a bayan tasha. Shagon ɗinkina yana jikin rumfar tasa, shekara goma sha ɗaya ke nan, shi ya sa na san labarin nan.

Mutum ne marar yawan magana, sai yawan tsaki. Idan aka kawo masa inji ya buɗe, daga tsawon tsakin nake gane irin ɓarnar da wanda ya riga shi taɓawa ya yi.

Bara da damina aka kira shi Kurfi. Wata dattijuwa ce, Hajiya Inno, mijinta ya rasu ya bar mata injin markaɗe a zaure, da shi take riƙe gida. Matan unguwa suna kawo mata wake, tumatir, tattasai da gero jiƙaƙƙe. Rannan Nana Hadiza mai ƙosai ta zo mata da kuka. Wani mai saye ya gatsi ƙosai ya ci karo da guntun ƙarfe, haƙorinsa ya ɓalle, ya tsaya gaban kaskonta yana tofar da jini a idon jama'a. Kafin azahar labari ya zaga unguwa, mata suka kwashe robobinsu suka koma wani injin.

Badamasi ya hau babur ya je. Da ya kwance murfin injin, wari ne ya fara tarbarsa. Tsohon ƙullu ya taru a lungu ya yi baƙi ya yi yauƙi, ga wani jan ruwa na tsatsa yana tsiyaya kan dutsen da ke markaɗa abincin mutane. Ya ce min sai da ya fita waje ya tofar da yawu sau uku kafin ya iya komawa.

A irin wannan inji akwai wani ɗan fil da ke riƙe dutsen a jikin sandar da ke juyawa. Bai kai ɗan yatsa ba, cikinsa rami ne kamar tsinken shan lemo, kuma a matse ake buga shi cikin huda domin ya buɗe ya kama gam. Badamasi ya nemi fil bai gani ba. Ƙusa ce ta kafinta a wurin, an lanƙwasa bakinta da guduma, tsatsa ta cinye ta, rabinta ya gutsure ya bi ƙullu.

"Hajiya, wa ya sa maki wannan?"

"Hudu ne, mai gyaran nan na bakin kasuwa. Ya ce duk ɗaya ne."

"Duk ɗaya? Ƙusar rufin kwano a cikin abin da yara za su ci?" Ya ɗaga guntun a tafin hannunsa. "Tun yaushe mutane ke shan wannan tsatsar?"

Hajiya Inno ta sunkuyar da kai. "Tun kafin azumi. Ni dai na ga ƙullu yana ɗan yin ja, na ɗauka waken ne."

Ya wanke injin da ruwan zafi da toka da hannunsa, bai bari kowa ya taɓa ba. Ya ce kada ta tayar da shi sai ya dawo. Wurin da kullum ruwa, gishiri da tsamin tumatir ke bi, in ji shi, dole sai fil na farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa.

Ya dawo Dutsin-Ma ya shiga shagon Alhaji Rabo mai kayan inji. Alhaji ya zazzago masa wasu filoli masu ƙyalli daga leda, ya rantse ko a rijiya suka shekara ba abin da zai same su. Badamasi ya karɓi biyu, ya zo rumfa ya goga ɗaya da magagari, ya jefa shi a gwangwanin ruwan gishiri da lemon tsami. Kwana biyu ya kira ni in gani. Inda ya goga ya yi ja wur. Baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ƙyalli a sama.

Ya ɗauki gwangwanin haka nan ya kai shagon, ya ajiye a kan teburin.

"Alhaji, dubi kayanka."

Alhaji Rabo ya leƙa, ya yi dariya. "Haba Malam Badamasi, kai ma dai. Wa ke jiƙa fil a lemon tsami? Ka buga masu, in ya lalace su sake kiranka. Ba haka kowa ke ci ba?"

Badamasi ya bar masa gwangwanin ya fito.

Sai ya aika Katsina aka kawo masa na gaskiya, farin ƙarfe mai tsaga ɗaya a tsaye. Ya jiƙa shi, bai yi tsatsa ba. Ya je Kurfi ya buga, inji ya tashi lafiya, ya dawo yana ganin ya gama. Sati uku Hajiya Inno ta bugo waya: dutse ya saki, inji yana kaɗawa kamar zai tashi sama. Da ya je ya tarar fil ɗin fari tas, babu ɗigon tsatsa, amma ya tsage daga bakin tsagar ya rabe biyu. Allah ya taimaka tana jin ƙarar ta kashe injin, ta zubar da ƙullun gaba ɗaya.

Wannan karon da kansa ya yi fushi. Kwana biyu ba ya amsa gaisuwa da kyau. Ya ce min, "Ni na tsaya kallon tsatsa, na manta abin nan duka yake sha. Duk tsakuwar da ta shiga cikin wake, shi take bugu. Sau dubu nawa a yini? Kuma ƙusar Hudu ta riga ta cinye hudar ta yi faɗi, fil yana rawa a ciki. Da idona na gani, na buga na taho. Mi ya raba ni da Hudu?"

Ya rufe rumfa ya tafi Kano da kansa, ya yini yana bin shaguna da karyayyen fil a aljihu. A wurin wani tsoho mai kayan injin masaƙa ya samu irin da yake nema. Shi ma farin ƙarfe ne, amma mai tauri, kuma ba tsaga ɗaya gare shi ba, naɗe shi aka yi kamar tabarma, zagaye biyu da ɗoriya. Idan bugu ya zo, duk jikinsa ke lanƙwasawa ya dawo, ba wuri ɗaya ke ɗaukar wahalar ba. Ya sayo wanda ya ɗan fi na da kauri, ya cire sandar injin ya kawo ta Dutsin-Ma, aka sake huda ta daidai da shi, sannan ya mayar.

Injin yana aiki har yau. Sai dai matan unguwa ba su dawo duka ba, kusan rabi sun zauna inda suka koma. Nana Hadiza kuwa ta daina ƙosai, ta koma sayar da gyaɗa a ƙofar gida, don ba wanda ya ƙara tsayawa gaban kaskonta. Hudu yana nan bakin kasuwa da gudumarsa, kuma ya fi Badamasi samun aiki, saboda shi ba ya cewa a jira kwana huɗu.

Watan jiya wani mai injin niƙa daga Dabawa ya kawo nasa a bayan a-kori-kura, yana sauri, ya ce a sa masa ko mene ne ya kai shi ƙarshen kaka. Badamasi ya dube shi, ya ɗaga sifanar da ke hannunsa ya nuna masa hanyar bakin kasuwa, inda irin su Hudu suke, ya koma kan injin ban-ruwan da yake kwancewa.