Anti Talatu da Jirgin Ƙasan Yara

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaka da dama wa 'yata Ummi kunu wayata ta yi ƙara. Ƙanen Anti Talatu ne daga Ushafa. Na ɗauka da fara'ata, har ina tsokanarsa wai yau an tuna da mu. Sai na ji ya ce, "Malama, Anti ta rasu."

Ta idar da sallar asuba ta ce kanta na sara mata. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Ku yi haƙuri da rubutun nan, yadda ya zo mini haka zan sa shi.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Anti Talatu ce malamar 'yan nazire a makarantar da nake koyarwa a Kurudu. Ni ina aji huɗu, ita tana can ajin ƙarshe wurin masu majina da famfas. Mace ce mai jiki, ga dariya kamar a gidan biki. In tana dariya a ajinta sai na dakata da darasi, don ba mai jin abin da nake faɗa.

Jakarta kuwa ba abin da babu. Wandon yara na canji, dabino, man zafi, kwalli, har allura da zare. Ranar da zanena ya yage a bakin get ita ta ja ni bayan aji ta ɗinke mini, tana yi tana mini faɗa wai ina tafiya kamar wadda aka biyo.

Lokacin da na haifi Ummi, kafin mahaifiyata ta iso daga Zariya, Anti ce ta riƙa hura mini wutar ruwan wanka. Ba dangin iya ba na baba. Aiki kawai ya haɗa mu.

Amma duk wanda ya yi aiki da ita, abin da zai fara tunawa shi ne fita da yara wurin wasa a ƙarshen zango.

Mu sauran malamai namu mai sauƙi ne. A samo bas, a loda yara, a je a sake su, a dawo. Anti ba ta yarda da wannan ba. Tun ana saura mako za ta ɗauki jakarta ta tafi wurin ita kaɗai, kuma da tsakar rana take zuwa. Na taɓa tambayarta me ya hana ta zuwa da sanyin safiya. Ta ce, "Da safe kowane ƙarfe mutumin kirki ne. Ki taɓa shi ƙarfe ɗaya na rana ki ji halinsa."

Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne a bakinta, kuma in kika gyara mata sai ta ce ai kin gane.

Na raka ta sau ɗaya, na ce ba zan ƙara ba don kunya. Matar nan durƙusawa take a tsakiyar mutane, ta rage tsawonta ya dawo na ɗan shekara uku, ta riƙa waige-waige. Wai so take ta ga abin da su za su gani. Ta sa bayan hannu ta taɓa ƙarfen da yara ke hawa su zamo ƙasa. Ta leƙa banɗaki. Ta tsaya kusa da lasifika ta ji ko ƙarar za ta firgita yaro. Ta kuma dage sai ta shiga wata 'yar motar wasa ta gwada bel ɗin da kanta, ta maƙale a ciki, sai da ma'aikatan wurin suka jawo ta suna dariya tana dariya. Ni ina gefe na ja mayafi na rufe fuska.

Ka'idarta guda ce, kuma ko Madam mai makaranta ba ta isa ta sa ta canza ba. "Yaron da bai iya cewa a sauke shi ba, ba na ɗora shi a kan abin da ba zan iya tsayarwa ba."

Don haka masu famfas wurin yashi take kai su, da ɗakin ƙwallaye, da lilon nan gajere mai kama da kwando wanda ita ke turawa da hannunta. Waɗanda bakinsu ya buɗe su ne 'yan jirgin ƙasa da dawakin nan masu zagayawa, su ma a kan kujerar da ba ta sama da ƙasa take fara zaunar da su. Katifar iskar da ake tsalle a kai, muddin akwai manyan yara a ciki, ko kallonta ba ta yi. Motocin karo da babban lilon da ke kai mutum sama kuwa, cewa take su jira su shiga firamare su zama matsalata.

Akwai wani bawan Allah a wurin da ke saka kayan katun irin na talabijin, da ƙaton kai, yana rawa yana miƙa wa yara hannu. Anti sai ta sa shi ya cire kan a gabansu, ya goge zufa, ya gaishe su da muryarsa ta mutane, sannan ya mayar.

Da iyaye ta fi shan fama. Kun san halinmu. Mu ɗora yaro yana ihu yana miƙo hannu, mu kuma mun ja baya mun saita waya muna cewa yi murmushi. Na ji ta da kunnena tana ce wa wata Hajiya, "Madam, hoto kina so ko yaro kina so?" Hajiyar ta kai ƙara ofis. Washegari kuma ta aiko wa Anti da turmin atamfa.

To, ga abin da ya sa mutuwar nan ta tsaya mini a maƙoshi.

Bara da damina keke napep ya kife da mu ni da Ummi a hanyar dawowa daga kasuwar Mararaba. Allah Ya tsare, ƙujewa ce kawai. Ciwon jiki ya warke, amma tun daga ranar yarinyar nan ba ta ƙara yarda ta shiga wani abu mai taya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ko motar babanta aka buɗe sai ta sandare, ta yi ta ihu har ta yi amai.

Rayuwarmu ta dawo iya inda ƙafa za ta kai. Makaranta a goye nake kai ta. Asibiti sai mun jira ta yi barci mu sace ta, in ta farka a hanya kuwa ranar mun shiga uku. Salla ta zo ta wuce ba mu je Zariya ba. Mahaifiyata, wadda Ummi ta ci sunanta, kullum a waya sai ta ce, "Yaushe za ku kawo mini takwarata?" Ni kuma in ce mata sai an yi hutu.

An yi addu'o'i, an yi tofi. Wasu suka ce a danne ta a saka ta a mota, in ta gaji da kukan za ta saba. Ni ma da gajen haƙurina nan na fi karkata.

Anti ta ce, "Maman Ummi, a gidanmu tukunya muke ginawa. Mamana ba ya sa ɗanyen tukunya a wuta, fashewa zai yi. Ba ni yarinyar nan ranar Asabar."

Akwai wani ɗan wurin wasa ta wajen Karu, ba babba ba ne, lilo ne da dawaki da wani tsohon jirgin ƙasa mai tarago kala-kala da ke zagaya 'yan bishiyoyi. Da ƙafa akwai 'yar tafiya. Anti ta zo gidana da zanen goyonta, ta saɓa Ummi a baya, muka kama hanya. Mace mai ciwon gwiwa, ranar hutunta.

Zuwan farko ba abin da aka hau. Yashi kawai Ummi ta yi wasa da shi, ta juya wa jirgin baya. Na ce, "Anti, yanzu duk wannan tafiyar don yashi muka yi ta? Ai akwai shi a ƙofar gidana." Ta ce in sayo mana ruwa in daina surutu.

Wani zuwan suka zauna a benci suna kallon jirgin yana wucewa, Anti na ɗaga wa yaran ciki hannu. Wani zuwan kuma ta jira aka kashe injin, ta kai Ummi ta taɓa taragon da yatsa ɗaya, suka dawo da gudu suna ƙyalƙyala dariya kamar sun yi sata. Akwai Asabar ɗin da ruwa ya dake mu a hanya muka koma gida ba mu isa ba. Akwai wadda Ummi ta koma gidan jiya, ta ƙi ko shiga get.

Na gaji, wallahi na gaji. Ita ko a jikinta.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ita ce Asabar ɗin da aka yi hutu. Muna zaune a bencin nan sai Ummi ta ja gefen zanen Anti, ta nuna jan tarago, ta ce, "Wancan."

Na miƙe zumbur zan ɗauke ta. Anti ta riƙe mini hannu ba tare da ta kalle ni ba. Ta tambayi Ummi, "Kai kaɗai, ko da ni?" Ummi ta ce, "Da Anti."

Mai tuƙa jirgin ya ce manya ba sa hawa, doka ce. Anti ta ce, "Oga, dokarka mai kyau ne, ban ce ka karya ba. Ka bari duk yara su sauka, ka ja mu ni da shi kaɗai, a hankali. In ya ce tsaya, ka tsaya ko a tsakiyar hanya ne." Mutumin ya dube ta, ya dubi faɗin taragon, ya ce in jirginsa ya lotse ita za ta yi wa mai wurin bayani.

Yadda ta cusa kanta a ciki Allah kaɗai Ya sani. Gwiwoyinta har haɓa, Ummi a cinyarta. Jirgi ya motsa. Ba su yi nisa ba na ji 'yar muryar nan ta ce, "Tsaya!" Ya tsaya cak. Ba wanda ya matsa mata. Can ta leƙa ƙasa, ta leƙa direba, ta ce, "Tafi."

Sai da suka zagayo. Da suka zo daidai inda nake Ummi ta ɗaga mini hannu. Wayata na cikin jaka, ban ma tuna da ita ba, kuka nake a gaban mutane kamar ƙaramar yarinya.

Da muka fito na tsayar da keke, a zatona an gama. Ummi ta ƙanƙame ƙafar Anti. Anti ta sallami mai keken, ta kwance zanen goyonta, ta ce, "Jirgi daban, titi daban. Kar ki ƙwace masa murnan yau." A ƙafa muka dawo. A ƙofar gidana ta sauke ta, ta sha ruwa a tsaye, ta ce gobe za ta wuce Ushafa ta duba tsohuwarta, in an dawo hutu za mu ci gaba.

Ko rakiyar kirki ban yi mata ba, tuwona na kan wuta.

Ɗazu bayan na ajiye waya, Baban Ummi ya fasa fita kasuwa ya ce mu shirya, bayan azahar za a yi jana'iza. Na shiga maƙwabta ina neman wadda zan bar wa Ummi, ina ce musu gidan su Anti Talatu za mu a Ushafa, ba zan iya tafiya da ita ba. Ashe tana bayana tana ji.

Na fito ban gan ta a tsakar gida ba. Na leƙa waje. Babanta ya bar ƙofar motarsa ta baya a buɗe yana duba ruwan inji, ita kuma ga ta a kan kujera, ta sa takalmanta a juye, ta ɗora hannuwa a kan gwiwa. Ba wanda ya ɗaga ta.

Ta ce, "Mama, shigo mu tafi. Zan nuna wa Anti na shiga mota."

A cikin motar nake wannan rubutu. Go-sulo ya riƙe mu tun daga Nyanya, yanzu muka kama hanyar Bwari. Sau ɗaya ta ce wa babanta tsaya, ya gangara gefen titi ya tsaya, sannan ta ce tafi. Ga ta nan a gefena ta manna goshi a gilashi, duk tudun da muka hau sai ta tambaye ni ko mun zo gidan Anti.

Ban faɗa mata ba. Ban san ta inda zan fara ba, kuma wadda zan kira in tambaya yadda ake faɗa wa 'yar shekara uku irin wannan magana, ita za mu je rakawa.

Ya Allah, ga baiwarKa Talatu ta zo gare Ka. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka sanyaya mata shi. Ka tausaya mata fiye da yadda ta tausaya wa 'ya'yan mutane. Ka ba tsohuwarta da 'yan'uwanta haƙurin rashinta, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya wuce bai yi mata addu'a ba, ko da kalma ɗaya ce. Danginta akwai 'yan masallaci akwai 'yan coci, haka ma iyayen yaran da ta raina, kowa ya roƙa mata rahama.

Ni ma ku sa ni a ciki, Allah Ya ba ni abin da zan ce wa yarinyar nan. Mun kusa isa.