Malam Suhail da Kududdufin Tsamiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 13 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Suhail Abdulwahab, bayan ɗan zazzaɓin da duk muka ɗauka mai wucewa ne. Ina wurin aiki a Kaduna aka bugo mini waya. Kafin in iso Zariya an riga an kai shi makwancinsa. Da na shigo unguwa, tun ban hangi tabarmin makoki ba na ga tifa cike da jar ƙasa a bakin kududdufin Tsamiya.

Malam, ka fi kowa sanin abin da tifar nan take jira. Daga ramin nan kakanninmu suka haƙi ƙasar da suka gina unguwar, shi kuma yake shanye ruwan damina a madadinmu. An riga an cike gefensa na gabas an yi shaguna, tun daga lokacin ruwa ya koyi hanyar ɗakunan mutane. Abin da ya rage na gidanku ne, gadon mahaifinku da ba a raba ba. Yayanka Alhaji Labaran ya sami mai saye. Kai kaɗai ka ce a'a, kuma a'ar nan taka ce ta tare mana ruwa har zuwa ranar da ka tafi.

Ni ce Tayyiba, wadda ka ɗauko daga zaman jiran aiki. Na gama karatun jami'a a harabar Kongo, na yi hidimar ƙasa, na dawo gida ina aika takardu ko'ina ana yi mini shiru. Wata rana ka jingine tsohon babur ɗinka, wanda sai an tura yake tashi, ka yi sallama da mahaifina. Ka ce kana da samari masu ƙarfin yashe kwata, amma duk cikinsu babu mai ikon wuce zaure, don haka kana neman wadda za ta shiga gida-gida ta ga abin da ruwa yake yi wa mata. Baba ya yi dariya ya ce, "Malam, digiri guda za a kai leƙen ɗakuna?" Ni ma raina bai so ba. Sai ka ce, "Ruwa ba ya sallama, Tayyiba. Yana shiga inda aka hana mu shiga. Ki bi shi ki dawo ki gaya mana."

Na bi shi. Na ga shatinsa a jikin bango daidai ƙugun mace. Na ga uwar da take ɗora jariri a kan kabad da zarar hadari ya haɗu, na ga tsohuwar da ba ta yarda ta kwanta da damina saboda bangon ɗakinta ya jiƙa har ya fara kumbura. Maza a zaure suna cewa an yi ruwa, alhamdulillahi, mata a ciki suna kwarfe shi da kwanon abinci. Ka koya mana cewa ruwan yanzu ya sauya hali, yakan yi jinkiri sannan ya zubo gaba ɗaya, kuma mai gidan ƙasa da bai taɓa mallakar ko janareta ba shi ne yake fara shan wahalar hayaƙin da wasu suka tayar. Kakan ce wanda ya cike kududdufi ba shi ruwa ke ci ba.

Ba ka yarda da ɗaga kwali ko ihu a titi ba. Kakan ce a Birnin Zariya sai an cire takalmi an durƙusa an gaisa kafin a faɗi gaskiya, amma sai an faɗe ta. Ranar da aka je wajen mai unguwa, ina tsammanin kai za ka yi bayani, sai ka koma baya ka zauna ka ce, "Ranka ya daɗe, ga wadda ta gani." Na faɗi abin da na gani har na gama. Haka kake yi wa kowa. Duk ƙungiyar da ta zo daga nesa tana neman ka, sai ka turo ɗayanmu gaba, ka kuma dage cewa a ɗauke shi a matsayin ma'aikaci. Da haka Abdulhamid, ɗaya daga cikin samarinka, ya zama mai rainon itatuwa a unguwar Gyallesu, ni kuma na sami aikin da nake yi yau. Kai ka tsaya a kan koyarwarka ta firamare da babur ɗinka.

Taurin kanka kuwa sai wanda ya zauna da kai. Kullum da safe kakan je ka durƙusa ka gaida Alhaji Labaran, ya kawo maganar sayarwa, ka ce, "Yaya, a yi haƙuri," ka tashi. Shi ma ba mugu ba ne, nauyin gida ne a kansa. Mahaifiyarku Umma kuwa ba ta taɓa sa baki ba. Alhaji ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta dube shi ido da ido ta hana shi abu.

Shi ya sa muka zauna makokinka da tsoro. Kowa ya san ba mai juye ƙasa ana zaman makoki, kowa kuma ya san ranar da aka naɗe tabarmi za a juye. Ana karɓar gaisuwa ana satar kallon inda tifar take. Ranar addu'ar uku aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Bai daɗe ba, amma sai da ya shigo tsakar gidanku, mata suka tattare zannuwa suka ɗaga tabarmi.

Ranar sadakar bakwai Umma ta sa aka kira ni ɗakinta. Idanunta sun kumbura. Ta ce, "Ke ce mai kai maganar ciki waje, ko?" Na ce ni ce. Ta ce, "To je ki zaure ki faɗa wa babban nan, kasona na ramin, da wanda na gada daga ubansu da wanda zan gada daga yaron nan, na bar wa ruwa, ladan ya je wa Suhail. Ba na sayarwa, ba na yafe wa wanda ya zuba ƙasa a kai."

Malam, ban taɓa jin nisan tsakar gida irin na ranar ba. Na cire takalmi a bakin zaure, na durƙusa, na gaida dattawa. Na waiga inda kake zama a bayana, babu kowa sai bango. Na faɗi saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ba, ban rage ba. Alhaji Labaran ya ce, "Umma ce ta faɗa da bakinta?" Na ce ita ce. Ya share fuska da hannun riga ya ce, "To a gaya wa mai tifa ya tafi da ƙasarsa."

Allah Ya jiƙanka, Malam Suhail, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Umma, da maiɗakinka Malama Ramatu da 'ya'yanku, da Alhaji Labaran wanda ya rasa ƙane kuma ya bi umarnin uwa a gaban jama'a. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Jiya ma an yi ruwa. Kududdufin ya cika har baki, ya riƙe.