Hoton Ƙeyar Mijin 'Yata

A bangon shagona da ke Tudun Wada akwai wani hoto da duk wanda ya shigo sai ya tanka. Ƙeyar mutum ce, da bayan singileti jiƙe sharkaf, da dunduniya ɗaya a sama. Fuska babu. Samari su ce, "Baba, ai ta baya ka ɗauka." Ni kuwa in ce musu tun da na fara riƙe kyamara ban yi aikin da ya kai wannan ba.

Ni dai aji biyu na yi a boko. Malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Hoton da na koya na tsayuwa ne: mutum ya sa babbar riga, ya karya hula, ya tsaya gaban labulena mai jirgin sama da gidan bene, in ce kada ya motsa, shi kuma ya ɗaure fuska kamar an kawo masa sammaci. Da waya ta zo kowa ya zama mai hoto, sai na fasfo ya rage mini. Shi ya sa da ƙungiyar matasa ta shirya gudun fanfalaki daga Burumburum zuwa cikin gari, bayan an kawar da amfanin gona, aka ce in ɗauko hotuna, na ce an gama. Ban tsaya gaya musu cewa abu mai motsi ɗaya na taɓa ɗauka ba, wata akuya da ta faɗo cikin hoton ango.

Kyautar na ɗaya injin ban ruwa ne, sabo dal. Mijin 'yata kuwa injin yake nema ido rufe. Iyayensa suna cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa daga garinsu, shi kuma ya tashi da kamun kifi da noman rani. Tsohon injinsa ya mutu murus, albasarsa da guga suke shayar da ita, shi da 'yata, har tafin hannunta ya yi kanta. Bai gaya mini zai shiga gasar ba. Yaro ne mai kunya. Tun da na ba shi aure bai taɓa cin abinci a gabana ba, in ya hango ni a kasuwa sai ya sake layi.

Ranar gudun na ɗauki wani abokina, tsohon ɗan acaɓa, sa'ana, wanda bakinsa ya fi babur ɗinsa gudu. Ya kai ni kan wani hawa, na tsuguna bakin kwalbati, na saita kyamara.

Can sai ga mutum ɗaya tilo ya ɓullo, ya ba sauran rata mai yawa. Na kanne ido ɗaya ina jira ya cika gilashi. Da ya matso sai na ga fuskar da na sani, ta mijin 'yata. Shi ma ya gan ni.

Ban taɓa ganin mutum ya ci birki irin haka ba. Ya kama bakin singileti yana ja ƙasa wai ya rufe gwiwa, don ɗan gajeren wando ne a jikinsa wanda ko ɗan kokawa sai ya yi shawara kafin ya sa. Ya sauka daga kwalta, ya durƙusa, yana haki.

"Baba, ina kwana."

Bakin tsoho ba ya jiran izinin mai shi. Kafin in ankara na ce, "Lafiya lau. Yaya iyali?"

"Lafiya ƙalau, Baba. An tashi lafiya?"

"Lafiya. Yaya gajiya?"

"Gajiya ta bi lafiya, Baba."

Muna cikin haka wani dogon Bafillace, makiyayi daga wajen Doguwa, ya zo ya wuce fuu, ko haki ba ya yi. Wasu biyu suka bi bayansa.

Abokina ya dafe kai. "Kai tsohon banza! Gaisuwar Sallah kuka zo yi? Tambaye shi kuɗin albasa mana, tunda an zauna!"

Na ce, "Tashi ka gudu, ɗan nan!"

Ya ce, "To, Baba." Amma bai iya miƙewa a gabana da wannan wando ba. Sai da ya ja da baya a tsugune, ya faɗa cikin karan dawa, ya kewaye ni, sannan ya hau titi can gaba. Kafin nan Bafillacen ya zama ɗan ɗigo.

Muka hau babur, abokina yana ta yi mini wankin babban bargo. "Injin yarinya ka cinye da yaya iyali. In na ga uwarta sai na faɗa." Ni dai hannun 'yata nake gani.

Da muka kusa cim ma yaron sai ya waiwaya, ya ga hulata, ya ƙara mai. Muka ɗan ja baya, ya sassauta. Muka matso, ya sake zabura. Na taɓa kafaɗar abokina na ce, "Ka ga abin da na gani?"

"Me?"

"Ba injin yake bi ba. Ni yake gudu. Manne masa."

Ai kuwa muka manne. Na ɗaga murya yadda duk hanya za ta ji: "Yaya mutanen gida? Yaya albasa?" Yana gudu yana amsawa, "Lafiya, Baba," bai juyo ba. Ya wuce mutum ɗaya. Na ce, "Yaya wajen su Malam?" Ya wuce na biyu. Mata masu tallan nono suka sauke ƙwarya suna dariya.

Bafillacen ne ya ƙi kamuwa. Mutumin da ya saba bin shanu tun daga dajin Falgore, ba a gajiyar da shi da gaisuwa. Har rufin gidajen gari ya fara bayyana yana gaba, ƙafafun yaron kuma sun fara harɗewa. Abokina ya ce, "Gaisuwarka ta ƙare, Mai Hoto. Sai haƙuri."

Na ce, "Ta ƙare a gidan wa?" Na miƙe tsaye a kan babur, da tsufana, hannu ɗaya a wuyan abokina. Na ce, "Ɗan nan! Ɗan juyo in ɗauke ka sosai, in wanke babba, in kai wa surukarka ta ga wandon!"

Na rantse ban san akwai sauran gudu a jikin ɗan Adam irin wannan ba. A nan na danna kyamara, a nan na sami hoton da ke bango. Ya wuce Bafillacen kamar an harbo shi. Bawan Allah ya bi shi da kallo, ya dube ni, ya ce, "Baba, me ya sata?"

Ya tsinke ƙyallen da aka ɗaure a bakin sakatariya, bai tsaya ba. Mutane na tafi, shi kuwa ya sha kwana ya shige shagon wani tela. Sai da shugaban ƙungiya ya jira, aka aro masa jallabiya, sannan ya fito ya karɓi injinsa, kansa a ƙasa.

Matasa sun yi ƙorafi, wai hotunan duk ƙeya ce da ƙura da kunnen ɗan acaɓa. Na ce su nemo wani mai hoton da ya taɓa ciyo wa mutum gasa, sai mu gwada aiki.

Hoton dai ban kai wa surukar ba, ta zo da kanta ta gani, ta ja mayafi ta rufe baki. Hannun 'yata ya warke. Duk shekara in aka cire albasa sai in ji an dire buhu a ƙofar shago. In na fito da sauri don in yi godiya, abin da nake tararwa ƙeya ce, tana shan kwana.