Tawul Mai Zafi a Kan Filastar Likita

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Yau ma ba don daɗi na dawo ba, maganganun da ake yi a kan matata Rabi ne suka ishe ni.

Waɗanda suka san ni a Maska sun san ɗaukar buhun masara ne ya cinye min baya. Abin ya fara da tsami a ƙugu, ya koma kamar ana zira min ruwan zafi har dunduniya. Ruku'u ya gagara. Aka yi hoto a Funtua, aka tura ni Zariya wani hoton mai tsadar tsiya, sai da ragona ya tafi. Suka ce ƙashin baya ne ya danne jijiya.

Ƙwayoyi suka ɓata min ciki, ciwon yana nan. Daga ƙarshe likita ya rubuta min wata filasta da ake mannawa a jiki, maganin yana shiga ta fata sannu a hankali. Ya dubi Rabi ya ce, "Hajiya, wannan magani ne mai ƙarfi. Kada zafi ya taɓa wurin. Ko ruwan zafi, ko tawul. In kin ga barcinsa ya yi nauyi, ki kawo shi."

Na samu sauƙi, wallahi. Har gona na leƙa.

Sai Gwaggo Talatu, yayar mahaifina da ta rene ni, ta zo dubiya daga Tsiga. Bayan azahar ta tafasa ganyen dogon yaro, ta ce in kwanta ta gasa min bayan. Na ce likita ya hana. Rabi ma ta faɗa.

Gwaggo ta ce, "Likitan ne ya goya ka? Ke kuma yarinya, yaushe aka haife ki?"

Kun san gidajenmu. In babba ya yi magana, ko rijiya ya nuna maka sai ka ce to. Na kwanta. Ta yi ta danna tawul daidai kan filastar, wai nan ne bakin ciwon.

Abin da ya biyo baya labari aka ba ni. Na yi lakwas ina minshari. 'Yan dubiya suka hau murna, wai gashin ya karɓe ni, a bar bawan Allah ya huta. Rabi ta ga leɓena ya sauya launi, numfashina sai an jira shi. Ta girgiza ni, shiru.

Gwaggo ta tare ƙofa, wai kada a tashe ni. Rabi ta ce, "Gwaggo, ki matsa!" Ta ɓalle filastar, ta fita titi ko mayafi babu, ta tsayar da mota.

A asibitin Funtua na farka da robar iska a hanci, an yi min allurar karya ƙarfin maganin. Likita ya ce zafin ne ya sa maganin ya kwarara cikin jinina lokaci guda. Ya ce, "Da kun bar shi ya gama barcin nan, da ba mu za ku kira ba."

Na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

To ga abin da ke ƙona min rai. Har yau ba wanda ya ce gashin nan kuskure ne. Abin da ake yawo da shi daga Maska har Tsiga shi ne matar Sale, wato Rabi, ta ɗaga wa Gwaggo murya, ta fita ba mayafi, sai ta je ta ba da haƙuri. Haƙurin me? Da ta yi kunyar da kuke so, da yanzu takaba take yi, ku kuna cin gumbar sadakata kuna yabon ladabinta.

Alhamdu lillahi, an rage min maganin a hankali har na daina, ina motsa jikin da aka koya min, ina sallah a tsaye. Na gode wa likitocin, da direban da ya tsaya bai tambayi komai ba.

Mai irin wannan filasta, kada ka bari a gasa ta, ko wa ya ce. Kada ka ba wani taka. Wadda ka cire ka naɗe ta, ka kawar inda yara ba za su gani ba. Barcin da aka kasa tashin mutum, asibiti ake kai shi.

Gwaggo uwata ce, zan je in gaishe ta da ƙafafuna. Amma Rabi ba za ta je ba da haƙuri ba. Duk mai son jin dalili ya zo ya tambaye ni, tunda ina raye.